Araha ba ta ado: Yadda muka zaɓa wa babur ɗin Yaya taya

 Na san da yawa daga cikinku, musamman maza, idan irin manyan baburan nan na tsere da ake kira pawa-baik suka gifta ta bakin makaranta, hankalin aji gaba ɗaya taga yake komawa, har sai malam ya buga tebur. A lokacin tara kuma sai gardama ta kaure kan wanda ya fi gudu tsakanin Ninja da R1, da wanda ƙararsa ta fi daɗi. Amma da wuya ka ji wani ya ambaci taya. Alhali nauyin babur da na mai tuƙa shi, da gudunsa, da birkinsa, duk a kan wurare biyu kacal suka dogara, wato inda robar taya ke taɓa kwalta. Kowanne daga cikin wuraren nan biyu bai wuce girman katin ATM ba. Mota tana da irinsu huɗu, ko ɗaya ya gaza ba lallai ta kife ba. Babur kuwa idan ɗaya ya zame, sai dai a ce Allah Ya kiyaye gaba.

Yayana yana da irin wannan babur, Honda CBR600RR, na hannu ya saya bayan ya shafe shekaru yana tari. A Kaduna yake aiki, iyayenmu suna Zariya, kuma kusan duk ƙarshen mako yake hawowa ya zo gaishe su, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Nauyin babur ɗin ya kusa kilo 190, kuma injinsa na iya kai shi fiye da kilomita 240 a awa ɗaya. Umma ba ta taɓa ƙaunar babur ɗin nan ba. Duk ranar Juma'a da yamma ba ta samun natsuwa sai ta jiyo ƙararsa a bakin layi. Ba laifinta ba ne, domin Yaya yana da mata da 'ya 'yar shekara biyu, kuma shi ke biya wa ƙannenmu biyu kuɗin makaranta.

A hutun Disambar 2024 tayarsa ta baya ta nuna ta gaji. Tayar babur a ƙirarta zagayayya ce daga gefe zuwa gefe, saboda babur kwantawa yake yi idan zai sha kwana. To hanyar Kaduna zuwa Zariya mafi yawanta miƙaƙƙiya ce, don haka tsakiyar tayar kaɗai ke cin kwalta. A hankali tsakiyar ta suɗe ta yi shafal kamar ta mota, gefunan kuma suna nan kamar sababbi. Irin wannan taya tana da mugun hali: idan ka zo kwana sai babur ya ƙi kwantawa, idan ka matsa masa kuma ya kwanta gaba ɗaya babu shiri. A cikin ramukan zanen taya akwai wasu 'yan tuddai da kamfani ke sakawa, ana gane saitinsu da alamar TWI ko wani ɗan zane mai kusurwa uku a gefe. Duk ranar da fuskar taya ta yi daidai da waɗannan tuddai, tayar ta gama aiki. Ta Yaya ta kai nan.

Sauya taya a irin wannan babur ba ƙaramin kuɗi ba ne. A da ana ƙera taya a Najeriya, Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tata a Ikeja, amma ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta bi bayanta a 2008. Tayar babur na tsere daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma dala yake bi. Wannan ne ke tura mutane da yawa wajen tayoyin gwanjo. Yaya ya ce min, "Malam ɗan boko, gobe za ka raka ni kasuwa. Kai ne mai haƙurin karanta ƙananan rubutu." A daren na nemo littafin da kamfanin ya fitar game da babur ɗin a intanet, na buɗe shafin taya, na kwafe abin da ke ciki a takarda.

Ga abin da na kwafa. Tayar gaba: 120/70 ZR17 M/C (58W). Tayar baya: 180/55 ZR17 M/C (73W). Da farko rubutun kamar lambar katin waya yake, amma kowane ɓangare da abin da yake faɗa. Mu ɗauki ta baya. 180 shi ne faɗin tayar a milimita. 55 kuwa kaso ne cikin ɗari: tsayin gefen tayar kashi 55 ne cikin ɗari na faɗinta. Wanda bai yi barci a darasin Lissafi na JSS ba zai ga cewa kashi 55 cikin ɗari na 180 ya zama milimita 99. Ta gaba kuma kashi 70 cikin ɗari na 120, milimita 84 ke nan. Harafin R na nufin tayar ƙirar radiyal ce, wato zaren da ke cikin jikinta ya tsallaka kai tsaye daga wannan gefe zuwa wancan, abin da ke sa ba ta ɗaukar zafi sosai a gudu. Z na nuna an yi ta don gudun da ya haura kilomita 240. 17 shi ne girman rim a inci, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa. M/C na nufin ta babur ce. 73 lambar nauyi ce, a teburin masu ƙera taya tana daidai da kilo 365, 58 ɗin gaba kuma kilo 236. Harafin ƙarshe na gudu ne: P kilomita 150 a awa, S 180, H 210, V 240, W 270. Idan aka saka lambar da harafin cikin baka, tayar na iya jure abin da ya ɗara haka.

Akwai kuma wata lamba da ta fi duka muhimmanci ga mai sayen taya a kasuwanninmu. A gefen taya za ka ga haruffan DOT, sai wasu haruffa da lambobi su biyo baya, a ƙarshe kuma lambobi huɗu, galibi cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tun daga shekarar 2000 ake rubuta shi a haka. Wannan ita ce takardar haihuwar taya, kuma roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da zafi da iska suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara 'yan tsage-tsage. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana wa'azin cewa a guji tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Kamfanin Michelin kuma shawararsa ita ce bayan shekara biyar a riƙa kai taya wajen masani duk shekara, idan ta kai goma a cire ta ko da zanenta na nan. Ko wanne ka ɗauka, taya dai tana da wa'adi.

Da takardar nan a aljihu muka shiga wata kasuwar kayan gyara. Shagon farko mai shi ya fito mana da tayoyi biyu na gwanjo, an goge su da mai suna ƙyalli, kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin uku na sababbi ba. Ya ce wa Yaya, "Yallaɓai, wannan daga filin tseren Turai ta fito. Dubi tsakiyarta, ko sati ba ta yi a titi ba." Gaskiya ya faɗa game da tsakiyar. Amma gefunan sun ƙoƙe, robar ta dunƙule kamar an gasa, kuma launinta ya ɗan yi shuɗi. Masu tsere a gefen taya suke rayuwa saboda kwana, kuma shuɗin alama ce ta zafin da ta sha. Tayar tsere duk lokacin da ta yi zafi ta huce, robarta na ƙara tauri, shi ya sa masu ita ke cire ta tun zanenta bai ƙare ba. Na durƙusa na nemo lambar: 1416. Mako na 14 na shekarar 2016, farkon watan Afrilu ke nan. Na ce, "Yaya, lokacin da aka ƙera tayar nan ina firamare." Mai shagon ya karɓa ya duba, ya ce shi bai taɓa lura da wannan lambar ba, kuma na yarda da shi. Shi ma a haka aka sayar masa. Na faɗa wa Yaya cewa tayoyin da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigo da su, sai wasu manya na tirela da aka keɓe. Muka yi godiya muka fita.

Jarabawa ta biyu daga abokin Yaya ta zo. Yana da sabuwar taya mai faɗin 200 da ya saya wa babur ɗinsa da ya fi na Yaya girma, ya ce zai bar masa da sauƙi. Duk mai son babur ya san yadda faffaɗar taya ke ƙara wa babur kwarjini idan aka hango shi ta baya, kuma na ga Yaya ya fara lissafi a zuciyarsa. Sai dai rim ɗin bayansa faɗin inci 5.5 ne, an yi shi ne don taya mai 180. Idan aka cusa masa mai 200, sai ya matse gefunanta, tayar ta tanƙware ta fita daga siffar da aka yi ta da ita. Wurin da ke taɓa ƙasa ba lallai ya ƙaru ba, yana iya raguwa ma, babur ya yi nauyin juyawa, kuma tayar na iya gogar sarƙa. Kamar yaro ne ya saka takalmin babansa ya ce zai shiga gasar gudu. Injiniyoyin da suka ƙera babur ɗin sun gwada girma iri-iri kafin su rubuta 180 a littafi. Yaya ya ba abokinsa haƙuri.

Sai muka isa wajen dilan sababbin tayoyi, nan kuma zaɓin ya fi wuya, domin duk abin da ke gabanmu mai kyau ne, girmansa daidai, shekarunsa daidai. Tayoyin irin wannan babur kusan gida uku ne. Akwai na filin tsere da aka yarda a hau titi da su, irin su Pirelli Diablo Supercorsa, robarsu laushi, zanensu kaɗan. Akwai na tsaka-tsaki, irin su Bridgestone Battlax S22 da Michelin Power 5. Sai kuma na doguwar tafiya, irin su Michelin Road 6, Pirelli Angel GT da Bridgestone T32. Zuciyar Yaya tana kan gidan farko. Yana kallon gasar MotoGP, wadda Michelin ya fara ba ta taya shi kaɗai a 2016, da gasar Superbike ta duniya da Pirelli ya fara ba ta a 2004, kuma yana son abin da ya yi kama da nasu.

Abin da na tuna masa shi ne a wajen gasar, kafin a fara, ana naɗe tayoyi da wani bargo mai lantarki don su yi zafi, saboda robar tsere ba ta kama ƙasa sai ta gasu. Filin kuma a share yake, babu rami, babu yashi, babu akuya, idan ruwa ya sauko sai a sauya wasu tayoyin daban. Shi kuwa Yaya da asubar Litinin yake barin Zariya, a cikin sanyin hunturu, da damina kuma hadari na iya riskarsa a Jaji babu wurin fakewa. Zanen taya ba ado ba ne, magudanar ruwa ce. Ita ke kore ruwan da ke tsakanin roba da kwalta, idan babu ita tayar sai ta hau kan ruwan ta yi ta sulu. Tayoyin doguwar tafiya suna da zane mai yawa, ana haɗa robarsu da sinadarin silika da ke taimaka mata kama jiƙaƙƙiyar kwalta, kuma suna saurin ɗumama. Da yawansu roba iri biyu gare su, mai ɗan tauri a tsakiya don ta daɗe, mai laushi a gefe don kwana. Ga mutumin da tsakiyar tayarsa ce ke fara cinyewa, ai an gama magana.

Da na ga yana jinjina kai bai gamsu ba, sai na ari biro na juya takardata na yi masa lissafin da muka koya a Fiziks na SS1. Nisan da abin hawa ke yi kafin ya tsaya bayan an taka birki shi ne v² ÷ 2μg, inda μ ke nuna ƙarfin gogayya tsakanin taya da titi. Kilomita 100 a awa daidai yake da kusan mita 28 a sakan ɗaya. Mu ƙaddara μ ya kai 0.8, kamar a busasshiyar kwalta da taya mai kyau: za a tsaya a mita 49. Idan ya faɗo 0.4, kamar a jiƙaƙƙen titi da tayar da ba ta kama ƙasa sosai, nisan ya zama mita 98, kusan tsawon filin ƙwallo. Idan kuma aka ninka gudun ya zama 200, nisan ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne, saboda ɗan 2 ɗin nan da ke saman v. Wannan duk ban da mitocin da za a ci kafin hannu ya kai ga birki. Yaya ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce wa mai shagon, "Alhaji, ɗauko mana na doguwar tafiyar."

Saura magana ɗaya. Niyyarsa ta baya kaɗai zai sauya, tunda ta gaba zanenta bai ƙare ba. Muka duba lambarta, a 2017 aka ƙera ta, kuma gefenta ya fara tsagewa. A babur, tayar gaba ce ke ɗaukar mafi yawan aikin birki, domin da ka kama birki nauyi gaba yake komawa. Tayar baya idan ta zame gwani na iya gyarawa, ta gaba idan ta zame da wuya a tsira daga faɗuwa. Masu ƙera taya kuma suna ba da shawarar gaba da baya su zama samfuri ɗaya, saboda tare aka tsara siffarsu. Sababbin da aka kawo mana lambarsu 3124, ƙarshen Yuli zuwa farkon Agustan 2024, ko wata biyar ba su cika ba. Matsalar ita ce kuɗin da ke hannun Yaya na ɗaya ne da ɗan canji.

Nan ne na ga abin da ya ƙara min girmansa. Ya biya ta baya, ya roƙi a ajiye masa ta gaba, ya koma gida ya lulluɓe babur ɗin da tamfol. Mako bakwai yana zuwa Zariya a motar haya, a matse mutum huɗu a baya. Abokansa na hawa suka yi ta tsokanarsa, wani ya ce ko babur ɗin ya koma kayan ɗaki ne, wani ya ce tsoro ne ya kama shi. Da ya so, da kuɗin taya ɗaya zai sayi na gwanjo biyu har ya sha mai da canjin. Amsar da yake ba su ita ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da albashin wata na biyu ya shigo ya je ya karɓo ta gaban.

Ranar sakawa ma sai da muka tsaya a kai. A gefen kowace taya akwai kibiya da ke nuna inda za ta riƙa juyawa, idan aka juya ta baibai zanen ba zai kore ruwa yadda ya kamata ba. Muka sa aka sauya bawul, aka yi balansin don kada ƙafa ta riƙa rawa a gudu. Baban mai facin da ya yi aikin ya saba ƙwanƙwasa taya ya ji ƙararta ya ce ta yi. Yaya ya ce masa, "Baba, a yi haƙuri a sa mana geji." Littafin ya ce 36 a gaba, 42 a baya a ma'aunin psi, kuma a auna tun tayar na da sanyi, domin iska idan ta yi zafi matsinta ƙaruwa yake, kamar yadda kuka karanta a dokokin gas. Iska kaɗan na sa taya ɗaukar zafi da saurin lalacewa, iska mai yawa na rage wurin da ke taɓa ƙasa. Bayan haka sai da ya yi kusan kilomita 160 yana tafiya a hankali, saboda sabuwar taya fuskarta na da santsi sai ta ɗan goge.

Damina guda ta wuce a kan tayoyin nan, Yaya na zuwa yana komawa lafiya, alhamdu lillahi. Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauka taya mai kyau lasisin gudu ce. Harafin W yana faɗin abin da roba za ta jure ne, ba abin da titinmu ko ƙashin ɗan Adam zai jure ba. Ko motar gida kilomita 100 ne iyakarta a babbar hanya bisa ƙa'idar tuƙi ta ƙasar nan, kuma babu tayar da aka taɓa ƙerawa da ke kama yashin da iska ta watsa a kwana. Hular kwano dole ce, lasisi kuma sai an kai shekara 18, don haka yawancinku akwai sauran jira.

Jiran ba zai hana ku amfani da abin da kuka sani ba. Kullum kuna hawa bayan babur, ko Keke Napep, ko motar Baba, kuma duk a kan roba suke tafiya. Wani likitan dabbobi ma, John Boyd Dunlop, ya haɗa tayar da ake hura wa iska a Belfast saboda keken ɗansa, ya yi mata rajista a 1888, wato kula da na gida ne ya sa shi. Yau idan kun taso daga makaranta, ku durƙusa gefen abin hawan gidanku da biro da takarda. A ƙaramin babur kuna iya ganin 2.75-17 ko 3.00-17, nan faɗin a inci aka rubuta shi. A mota kuna iya ganin irin 195/65 R15 91H. Ku fitar da tsayin gefen tayar da kanku, ku faɗi gudun da H ke nufi, sannan ku nemo lambobi huɗun nan idan akwai, ku lissafa shekarunta. Idan kun tarar ta girmi ƙaninku da ke aji biyu na firamare, ku sami Baba a lokacin da ya huta, ku nuna masa cikin ladabi. Allah Ya tsare mu da iyayenmu a duk inda muka sa gaba, amin.